Kwana 40 ko 46? Yadda ake ƙirga azumin kafin Ista, da hukuncin mai ciwon suga

Tambaya: "Na taso a ikilisiyar da ba ta kiyaye azumin kafin Ista, amma maigidana ɗan Katolika ne, kuma ina so in riƙa yi tare da shi. Na ɗauki kalanda na ƙirga daga Larabar Toka har zuwa Ista, sai na samu kwana 46, alhali kowa 40 yake cewa. Ina na yi kuskure? Me ya sa ma ranar Ista ba ta tsayawa wuri ɗaya kamar Kirsimeti? Sannan ina da ciwon suga, ina shan magani safe da yamma. Idan ban yi azumin ba, na yi zunubi?"

'Yar'uwa, bari in fara cire miki nauyin tambaya ta ƙarshe kafin mu shiga lissafi. Ba ki yi zunubi ba. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa Kirista azumin kwana 40 kafin Ista, kuma ikilisiyoyin da suka mayar da shi doka su ma ba su ɗora shi a kan marar lafiya ba. Zan dawo kan wannan dalla-dalla, domin a nan ne ake yin gangancin da ke kai mutum gadon asibiti.

Ƙirgarki kuwa daidai take. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne: Laraba, Alhamis, Jumma'a da Asabar na makon farko, kwana 4 ke nan, sai cikakkun makonni 6, wato kwana 42. Abin da ba a gaya miki ba shi ne ba a sa Lahadi a cikin ƙirgar. Tun a ƙarnukan farko Kirista suka ɗauki kowace Lahadi a matsayin ranar tashin Ubangiji daga matattu, ranar murna, ba a azumi a cikinta. Lahadi 6 ne suka faɗo a tsakanin. Ki cire 6 daga 46, saura 40.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ake farawa ranar Laraba, a tsakiyar mako. A Roma da can makonni 6 ake yi, a fara daga Lahadi. In aka cire Lahadi 6 daga kwana 42, kwanakin azumi 36 ne suka rage. Paparoma Giregori Babba, wanda ya riƙe kujerar daga 590 zuwa 604, ya yi wa'azi a kan wannan adadi, ya ce kusan kashi ɗaya ne cikin goma na kwanakin shekara, kamar mutum ya ba Allah zakkar lokacinsa. Daga baya aka ƙaro kwana 4 a farkonsa domin a cike 40, sai farawar ta koma Laraba. Shafa wa kowa toka a goshi ya zama ruwan dare ne bayan Paparoma Urban na 2 ya yi umarni da shi a 1091. Kafin nan masu tuba a bainar jama'a ne aka fi sani da ita. Tokar kuma ta ganyen dabinon da aka ɗaga a Lahadin Dabino ta shekarar da ta gabata ce, ana ƙona shi a ajiye.

Kada ki yi mamaki in wani ya ba ki wata ƙirgar dabam. Kalandar Katolika da aka sabunta a 1969 ta ce lokacin yana ƙarewa ne da yammacin Alhamis Mai Tsarki, kafin sujadar Jibin Ubangiji, sannan a shiga kwana uku na musamman. Da wannan ma'auni kwana 44 ne har da Lahadi. A birnin Milan na Italiya, masu bin tsohon tsarin sujadar garin ba su da Larabar Toka sam, sai bayanta da kwanaki suke farawa. 'Yan Otodoks na Girka da Rasha suna farawa ranar Litinin, su ƙirga kwana 40 a jere har da Asabar da Lahadi, su gama ranar Jumma'a kafin Lahadin Dabino, sannan su ɗora Mako Mai Tsarki a kai a matsayin azumi mai zaman kansa. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kwana 55 suke yi. Kowa a cikinsu yana nuni ne ga kwana 40 na Yesu a jeji, amma kowa da yadda ya jera kwanakinsa. A ganina, duk wanda ya tsaya jayayya a kan wace ƙirga ce ta gaskiya ya ɗora wa adadin abin da ba a nufa da shi ba.

Ranar Ista kuma tana yawo ne saboda wata take bi, ita kuwa Kirsimeti kwanan wata aka yanka mata a kalandar rana. An gicciye Yesu a lokacin Idin Ƙetarewa, shi kuwa idin ana yin sa ne a rana ta 14 ga watan fari na Yahudawa, kamar yadda yake a Fitowa 12:6 da Littafin Firistoci 23:5. Watan Yahudawa da tsayuwar jinjirin wata yake farawa, don haka daren 14 dare ne na cikar wata. Kiristocin farko sun rabu a kan wannan. Na yankin Asiya Ƙarama, inda Turkiyya take a yau, suna yin bikin a ranar 14 ɗin ko da wace rana ta mako ta faɗo, na Roma da sauran wurare kuwa sai Lahadi. Bishop Folikaf na Simirna ya je Roma a tsakiyar ƙarni na 2, suka tattauna da Bishop Anisetus, babu wanda ya shawo kan wani, amma suka rabu lafiya. Majalisar Nikiya, babban taron bishop-bishop na shekarar 325, ita ce ta tsai da cewa kowa ya yi a rana ɗaya, kuma a daina jiran lissafin Yahudawa. Ƙa'idar da ta zauna daga baya, wadda masanan Iskandariya suka tsara, ita ce: Ista ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta.

Abubuwa biyu a cikin wannan ƙa'ida su ne ke rikita mutane. Na farko, 21 ga Maris rana ce da ikilisiya ta kafa ta wakilci lokacin da dare da rana ke daidaita, ko da masu nazarin taurari sun ce a wata shekarar 20 ga Maris ne. Na biyu, cikar watan da ake magana ba wanda ake gani a sama ba ne, na jadawali ne, wanda aka gina a kan zagayen shekara 19, domin bayan kowace shekara 19 wata yana komawa kusan kan kwanakinsa na da. Yawanci na sama da na jadawali suna dacewa, ko su bambanta da kwana ɗaya. Amma kwana ɗayan nan yana iya ture Ista da kusan wata guda. A 2019 wata ya cika a sama ranar 21 ga Maris, wanda da shi ake bi da an yi Ista 24 ga Maris. Jadawali kuwa ya sa cikar a 20 ga Maris, kwana ɗaya kafin iyaka, sai aka jira na gaba, aka yi Ista 21 ga Afrilu.

Kina iya fitar da ranar da kanki da biro da takarda, kuma hanyar tana aiki daga 1900 har 2199. Ki raba shekarar da 19, ki riƙe abin da ya yi saura. Ki ninka sauran nan sau 19, ki ƙara 24. Ki raba jimillar da 30, ki sake riƙe saura. Wannan saura na biyu shi ne adadin kwanakin da za ki ƙara a kan 21 ga Maris ki samu ranar cikar wata. Ɗauki 2026. In aka raba ta da 19, saura 12. 12 sau 19 ya ba da 228, a ƙara 24 ya zama 252. A raba da 30, saura 12. 21 ga Maris da kwana 12 ya kai mu 2 ga Afrilu, ranar Alhamis. Lahadin da ke biye, 5 ga Afrilu, ita ce Ista. Gyara biyu kawai za ki kiyaye: in saura na biyu ya fito 29, ki mai da shi 28, in ya fito 28 alhali saura na farko ya haura 10, ki mai da shi 27. Kuskuren da aka fi yi shi ne in cikar watan ta faɗo ranar Lahadi, sai mutum ya ɗauka ranar ce Ista. Ba ita ba ce, ta mako mai zuwa ce. Haka ta faru a 2025: cikar wata Lahadi 13 ga Afrilu, Ista 20 ga Afrilu.

Dalilin tsallen da ranar ke yi daga shekara zuwa shekara shi ne watanni 12 na wata kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kwana 11. Don haka cikar watan tana ja baya da kwana 11 kowace shekara: 13 ga Afrilu a 2025, 2 ga Afrilu a 2026, 22 ga Maris a 2027. A 2028 da ta faɗa 11 ga Maris, ta ƙetare iyaka, sai a ƙara kwana 30 ta koma 10 ga Afrilu. Shi ya sa Ista ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Rabon da ta faɗo 22 ga Maris tun 1818, ta 25 ga Afrilu kuma za a sake gani a 2038.

Da zarar kin samu Ista, sauran ranakun a hannunki suke. Hanya mafi sauƙi ta samun Larabar Toka ita ce ki koma baya Lahadi 6 daga Ista, sannan ki ɗauki Larabar da ta zo kafin wannan Lahadi. Ta fi ƙirgar kwana 46 da yatsa aminci, musamman a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29. A 2026 ta faɗo 18 ga Fabrairu, a 2027 kuma 10 ga Fabrairu. Fentikos kwana 49 ne bayan Ista.

In kin ga 'yan Otodoks suna bikin Ista a wata rana dabam, kalanda ce ta raba. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalanda, aka tsallake kwana 10, ranar da ta bi 4 ga Oktoba ta zama 15 ga Oktoba. Ikilisiyoyin Gabas sun ci gaba da lissafin Ista da tsohuwar kalanda, wadda yanzu take bayan tamu da kwana 13, ta yadda 21 ga Maris ɗinsu 3 ga Afrilu ce a wajenmu. Wani lokaci ranakun su haɗu, kamar 2025 da 2028, wani lokaci mako ɗaya ya raba, kamar 2026 da suke da 12 ga Afrilu, wani lokaci har mako 5, kamar 2024 da aka yi 31 ga Maris a Yamma, 5 ga Mayu a Gabas.

Yanzu ga abin da Nassi ya faɗa. A Shari'ar Musa rana ɗaya tak ce a shekara aka wajabta ƙasƙantar da kai, wato Ranar Kafara, a Littafin Firistoci sura 16 da 23. Sauran azumin da muke karantawa na bukata ne ko na baƙin ciki ko na tuba, kuma siffarsu ba ɗaya ba ce. A Mahukunta 20:26 jama'a sun yi daga safe har yamma. Esta ta nemi kwana 3 ba ci ba sha, domin rai na kan siraɗi. Daniyel a sura 10 ya yi mako 3 yana cin abinci, amma ya bar nama da ruwan inabi da kayan daɗi. Musa da Iliya da Yesu ne aka ambata da kwana 40. Yesu bai kafa wa almajiransa ranakun azumi ba, har aka zo aka tuhume shi a kan haka a Markus 2:18-20, ya ce abokan ango ba sa azumi ango yana tare da su, amma lokaci na zuwa da za a ɗauke angon, sa'an nan za su yi. A Matiyu 6:16-18 bai faɗi yawan kwanaki ko irin abinci ba, abin da ya dame shi shi ne mai azumi ya wanke fuska, ya shafa mai, kada ya yi ta yawo da fuska a murtuke don a gani. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi kafin ta aiki Barnaba da Shawulu, Ayyukan Manzanni 13:2-3.

To, azumi abu ne da Ubangiji ya sa ran mabiyansa za su yi, amma kalandarsa ikilisiya ce ta tsara. Wani tsohon rubutun koyarwa na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2 ya nuna Kirista suna azumin Laraba da Jumma'a. Irenayus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta wa Bishop Biktor na Roma a ƙarshen ƙarni na 2 cewa kafin Ista waɗansu kwana ɗaya suke yi, waɗansu biyu, waɗansu fiye, kuma wannan bambanci bai raba su a bangaskiya ba. Kwana 40 ya bazu ne a ƙarni na 4, yana tafiya tare da shirya masu neman baftisma da za a yi musu a daren Ista. A 1522 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan wasu mutane suka ci nama a fili cikin azumin, Zwingli, limamin garin mai neman gyaran ikilisiya, ya kare su a wa'azi cewa Nassi bai hana ba, kuma daga irin wannan tushe ne ikilisiyoyi da yawa, wataƙila har da taku, suka ajiye al'adar. Anglika da Lutheran da Methodist sun riƙe lokacin ba tare da tilasta dokar abinci ba. Romawa 14:5-6 ta isa ta zaunar da gidanku lafiya: mai kiyaye rana don Ubangiji yake yi, mai ci ma don Ubangiji yake ci, tun da yana gode wa Allah. Kolosiyawa 2:16 kuma ta hana wani ya yanke wa wani hukunci a kan ci da sha da ranakun idi. Ayoyin nan kaifi biyu ne da su. Ba su ba mijinki damar tilasta miki ba, ba su kuma ba 'yan ikilisiyarku damar yi masa kallon mai bin al'adar banza ba.

Abin da dokar Katolika ta ɗora wa maigidanki bai kai yadda mutane ke zato ba. Tun bayan sassaucin da Paparoma Bulus na 6 ya yi a 1966, kwana 2 kacal ne na azumin dole a shekara: Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau. Azumin ma ba na barin ci gaba ɗaya ba ne. Cikakken abinci sau ɗaya a yini, da ɗan abin taɓawa safe da yamma, wanda aka saba bayyanawa da cewa in an haɗa biyun kada su kai cikakken abinci guda. Ruwa da magani ba sa karya shi. Ya hau kan mai shekara 18 har zuwa cikar 59. Doka ta biyu ita ce ƙaurace wa nama a waɗannan ranaku biyu da kowace Jumma'a ta lokacin, daga shekara 14 zuwa sama, babu iyakar tsufa. Naman dabba da na tsuntsu ake nufi, har da kaza, wadda mutane da yawa ke zaton ba ta ciki. Kifi da ƙwai da madara an yarda da su. In babban idi ya faɗo ranar Jumma'a, kamar na Yusufu Mai Tsarki a 19 ga Maris ko na Albishir ga Maryamu a 25 ga Maris, dokar naman ta faɗi a ranar. Majalisar bishop-bishop ta kowace ƙasa tana da ikon sauya wasu bayanai, don haka ya tambayi fadansu abin da ake bi a inda kuke. Duk abin da ya wuce wannan, kamar barin zaƙi ko rage kallon waya na tsawon makonnin, na ganin dama ne.

Ke kuwa, dokokin da ikilisiyar Katolika ta kafa da kanta suna hawa ne kan wanda aka yi wa baftisma a cikinta ko aka karɓe shi cikinta. Aure bai sa sun hau kanki ba. Ko da ke 'yar Katolika ce, rashin lafiya irin taki uzuri ne karɓaɓɓe, kamar mai ciki da mai shayarwa.

Ga abin da ke faruwa a jikin mai ciwon suga. Haɗarin ya danganta da irin maganin. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide da gliclazide suna saukar da suga ko kin ci ko ba ki ci ba. In kika sha na safe kika hana cikinki abinci, kafin azahar suga na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, jiri, ruɗewa, daga nan sai suma. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba, amma yana damun ciki in babu abinci. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi masu fitar da suga ta fitsari, irin su empagliflozin, waɗanda ke ƙara haɗarin bushewar jiki da taruwar sinadarin da ke mai da jini tsami in an daɗe ba a ci ba. Ɗaya kuskuren shi ne mutum ya ce tunda ba zai ci ba, bari ya bar maganin ma. Sai suga ya hau, musamman in aka buɗe baki da abinci mai nauyi da abin sha mai zaƙi. Mai nau'in ciwon na farko, wanda rayuwarsa ta dogara da insulin, in ya bar allura yana iya shiga mummunan hali cikin yini guda.

Saboda haka kada ki canza lokacin magani ko yawansa da kanki. Ki je wurin likitanki makonni kafin Larabar Toka, ki gaya masa ainihin abin da kike so ki yi, da sa'o'insa. In ya amince da rage abinci a ranakun nan biyu, ki riƙa gwada suga da safe, da tsakar rana, da yamma, da duk lokacin da kika ji jikinki ya canza. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ki karya nan take ko da saura minti goma: ki sha abin da ke ɗauke da suga kimanin giram 15, kamar babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace, ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki maimaita, sannan ki ci abinci. In ya haura 300 mg/dL ma ki dakata ki nemi likita. Maigidanki ya san alamun nan, ya kuma san cewa ba a ɗura wa wanda ya suma abu a baki, asibiti ake kai shi. Azumin da ba a shan ruwa kuwa ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Shawarata ita ce ki bar sa'o'in cin abincinki da na maganinki yadda suke, ki yi azumin ta hanyar Daniyel. Ki bar nama tare da mijinki ranar Jumma'a, ki maye gurbinsa da kifi ko ƙwai ko wake. A nan akwai tarko: in aka cire nama, hannu yakan tafi ga ƙarin abinci mai sitaci don a cika ciki, sai suga ya hau a ranar da ake zaton an rage ci. Ki riƙe ma'aunin sitacinki na kullum. Sannan ku tsai da lokaci guda na addu'a da karatu tare. Bisharar Markus sura 16 ce, ta Luka 24. In kun haɗa su sura 40 ke nan cif, sura ɗaya kowace ranar azumi, Lahadi ku huta ko ku cike wadda ta kuɓuce. Kuɗin da aka rage na cefane kuma a ware shi tun ranar, a san wanda za a ba, domin in aka bar shi a aljihu zuwa ƙarshen mako ya narke. Ishaya 58 ta yi magana da kakkausar murya a kan masu azumi suna danne ma'aikatansu suna faɗa da juna, ta ce azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida, a suturta matsiraici. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ciwon suga ya hana ki.

Wani abu da ya kamata a faɗa, tunda kina iya jin sa a wa'azi: akwai masu koyar da cewa shan magani cikin azumi ƙarancin bangaskiya ne, ko cewa tsawon azumi ne ke tilasta wa Allah ya amsa. Nassi bai goyi bayansu ba. Dawuda ya yi azumi yana kwance a ƙasa saboda yaronsa, yaron ya mutu a rana ta 7, ya tashi ya yi wanka ya yi sujada ya ci abinci, 2 Sama'ila 12. Saul ya ɗora wa sojojinsa rantsuwar kada kowa ya ci har yamma a ranar yaƙi, suka galabaita, da suka samu dabbobi suka afka musu suna ci har da jini, kuma saura ƙiris ya kashe ɗansa Yonatan a kan ɗanɗanon zuma, 1 Sama'ila 14. Bulus da kansa ya gaya wa Timoti ya kula da cikinsa saboda yawan laulayinsa. Game da kwana 40 na Yesu, Luka 4:2 ta ce bai ci kome ba, kuma a ƙarshe ya ji yunwa. Ba a ba mu shi a matsayin gasa ba. Jikin mutum ba ya jure rashin ruwa sai na 'yan kwanaki, ƙoda ce ke fara gazawa. Mai lafiya ma da ya yi kwana 5 ko fiye ba ya cin kome, in ya buɗe baki da babban abinci lokaci guda, gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam suna iya faɗuwa farat ɗaya su taɓa bugun zuciya. Irin wannan dogon azumi da ɗan abinci kaɗan-kaɗan ake karya shi, cikin kwanaki, kuma da sanin likita.

In za ki raka maigidanki sujadar Larabar Toka, toka ba sai ɗan Katolika ake shafa wa ba, duk wanda ya fito ana sa masa, tare da kalmomin Farawa 3:19 cewa kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma, ko na Markus 1:15 na tuba da gaskata bishara. Ba dole ba ne a bar ta a goshi yini guda, wanda ya ga dama ya wanke bayan an tashi. Jibin Ubangiji kuwa dabam ne: a ƙa'idarsu na 'yan ikilisiyar ne, don haka ki zauna a wurinki lokacin da ake fita karɓa. Shi mai karɓa ana bukatar ya bar ci da sha na awa ɗaya kafin ya karɓa, ban da ruwa da magani. In sujadar ta faɗo a lokacin da kika saba cin abinci, ki ci kafin ku fita, ki kuma sa na'urar gwajinki da ɗan sukari a jaka.